Shekarar da Tsaron Gona Ya Faɗo Kan Serapio

Shekarar da tsaron gona ya faɗo gidanmu, sai da na zauna bakin murhu na riƙe kai. Ba zaɓe ake yi ba balle in ce an yi mana mugunta. Gida gida abin yake bi, daga na bakin coci har na bakin tafki, to sai ya iso kan mijina Serapio. Da aka rataya masa bulala da ƙaho a dandali, su kansu dattawan da suka rataya masa sai da suka kau da kai, kafaɗunsu na rawa.

Ban ga laifinsu ba. Serapio mutum ne da in jaki ya taka shi, shi zai ba jakin haƙuri. In yana magana sai ka matso, in ka matso kuma sai ya ja baya ya ba ka wuri. Ni Basilia, da ake jin muryata daga tsallaken rafi, har yau ban san yadda aka yi na aure shi ba. Ina son abina, amma yana ƙona mini rai safe da yamma.

Aikin mai tsaro guda ne, ya hana Mai Ƙanƙara kwashe dankalin gari. Duk ƙauyen a gangare ɗaya muke shuka, kowane gida da 'yan kunyoyinsa, kuma da zarar dankali ya yi fure tsohon nan zai sauko daga dutse da fararen alfadaransa. Inda ya bi ganye ɗaya ba ya saura a tsaye. Shekarar da ya same mu ina yarinya, maza suka watse birni dako, mu kuma muka yi ta shan miyar da ake ganin gindin kwano ta cikinta. Abin da ke korarsa kowa ya sani: busa ƙaho, harba albarushi sama, da zagi. Zagin ne babba. Ba ya jure shi, sai ya juya ya nufi ƙauyen gaba, su ma su zage shi ya ƙara gaba. Kuma daga bakin mai tsaro zagin zai fito, na sauran mutane ba ya kama shi.

Tata Meliton, wato Baba Meliton a harshenmu, wanda ya yi tsaro shekarar da ta gabata, shi ya zo koya masa. Ƙato ne mai wuyan bijimi, a lokacinsa har kakar Mai Ƙanƙara ya zaga, kuma bai gaji da ba da labarin ba.

"To Serapio, ɗauka ni ne shi," in ji shi, ya tsaya tsakar gidanmu ya buɗe ƙafafu. "Ga ni na sauko zan kwashe abincin 'yarka Lali. Zage ni."

Serapio ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya. "Tata, gaskiya ba ka kyauta ba."

"Me ka ce?"

"Na ce ba ka kyauta ba. Amma wataƙila kana da dalilinka."

Meliton ya juyo ya dube ni. "Mama Basilia, da me kike ciyar da mutumin nan? Ruwan ɗumi?"

"Da abin da matarka ke ciyar da kai," na ce. "Sai dai shi ba ya bin tukunya ya side ta."

Aka koma kan ƙaho. Serapio ya cika kumatu ya busa, ƙarar da ta fito ta sa tumakinmu suka taho a guje, sun ɗauka ɗayarsu ce ta maƙale a shinge. Meliton ya yi dariya har da riƙe ciki, ya fita yana cewa kowa ya fara ɗaure kayan tafiya birni.

Ni ma na gwada nawa. Ina fere dankali ina koya masa. "Ce masa ɓarawo mai ido ɗaya."

"Uwar Lali, idon ai ba shi ya cire wa kansa ba."

Na ajiye wuƙar don kada in yi abin da zan yi da-na-sani.

Ga kuma wata damuwar a gida. 'Yarmu Lali ta fara gudu, ta fara surutu, amma gashin haihuwa na nan a kanta, ya cukurkuɗe ya yi dunƙule dunƙule kamar na tunkiyar da ta kwana cikin ƙaya. Ba mai taɓa shi sai uban aski, mu kuwa ba mu samu ba. Ba wani abu ne mai wuya ba: ka je wa mutum kai ba hula, ka durƙusa, ka miƙa masa ganyen koka, wanda muke taunawa, in ya sa a baki shi ke nan, ba shi da damar ƙi. Daga nan kun zama kompadre, wato 'yan'uwan amana, ba zagi ba cuta tsakaninku har kabari. Sai dai da yake dole ya ba yarinya dabba, a garinmu mutum na hango ka da hula a hannu zai tuna yana da aiki a bayan gida. Ana bukatar ɗan zafin nama ke nan. Serapio ya yi wata da watanni yana yawo da almakashi da ƙullin koka a jaka. Yakan isa ƙofar mutum, ya tambayi lafiyar shanu, ya dawo.

Dankali ya yi fure, gangaren nan ya yi fari da shuɗi gwanin kyau, ni kuwa in na dube shi sai gabana ya faɗi. Kullum da rana Serapio yana can saman gonaki, bulala a kafaɗa, yana kallon dutse yana motsa baki. Na san zagi yake bita, na kuma san bai wuce "ba ka kyauta ba."

Ranar kasuwa abin ya zo, maza duk sun sauka kasuwa da jakuna, har da Meliton. Da rana tsaka ina shanya sai iska ta tsaya cak, kaji suka shige ɗaki. Na ɗaga kai na ga hadari ya haɗo daga kan dutse, baƙi ƙirin, gindinsa fari. Na saɓi Lali na goya na kama hawa. Na san zagina ba ya kama shi, amma na ce ko ba komai na huce.

Na tarar da Serapio a kan iyakar gonaki ta sama yana fama da albarushi. Ashana ta zube masa cikin ciyawa. Ya busa ƙaho, iska ta mayar masa da ƙarar cikin baki. Kafin in ce masa wani abu sai ga fararen alfadarai sun ɓullo ta hanyar dutse a jere, kowanne da buhuna wayam a baya, bayansu kuma ƙanƙara na zuba kamar ana juye tsakuwa daga mota.

A gabansu wani ɗan tsoho ne gajere cikin farin bargo, ido ɗaya fari fat, gemunsa na ɗigar ruwa. Duk tsawon rayuwata ina jin labarinsa, ban taɓa zaton bai kai ni tsawo ba. Amma sanyin da ya riga shi isowa ya shiga har cikin haƙorana. Na buɗe baki da zagin da na tanada tun daga gida, ko tari bai fito ba. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Tsohon ya tsaya, ya ƙare wa Serapio kallo da idonsa mai gani.

"Ina wancan mai wuyan? Wanda ya ambaci kakata?"

"Ya tafi kasuwa, Tata."

"To kai ne bana?" Ya yi ajiyar zuciya ya gyara bargo. "Fara, ina sauri. In kana da abin faɗi faɗi, in babu ka kauce."

Serapio ya buɗe baki. Na ga leɓensa ya haɗa "ɓarawo", na ga ya haɗiye shi.

"Sannu da hanya, Tata," ya ce. "Ka sha sanyi."

Tsohon ya karkata kai. "Wannan sabon zagi ne?"

"A'a, gaisuwa ce."

Alfadaran ma suka daina buga ƙafa. Ina jin tun da aka kafa dutsen nan ba wanda ya taɓa gaishe shi. Serapio kuwa, da bai san abin yi ba, sai ya yi abin da yakan yi in ya gamu da babba a hanya: ya laluba jaka ya zaro ƙullin koka ya miƙa da hannu biyu. Tsohon ya dubi ganyen, ya dubi hanya, ya ɗiba ya cusa a kumatu.

A daidai nan iska ta fizge hular Serapio ta yi gangare da ita, gwiwoyinsa kuma, da tun ɗazu suke kaɗawa, suka gaji suka kai shi ƙasa.

Na ga abin da ya faru. Kai ba hula, mutum a durƙushe, koka a bakin baƙo. Na kuma ga lokacin da Serapio ya gani. Fuskarsa ta yi fari kamar ta tsohon. Da ya yi shiru ba wanda zai ce ya yi laifi, ni ma ba zan ce ba. Sai na ji muryar nan tasa da ba ta tashin kaza.

"Tata, na zo roƙo. Ga 'yarmu Lali. Ka zama uban askinta."

Tsohon ya daina tauna. Ya kai hannu baki kamar zai tofar.

"Ka riga ka tauna, Tata."

"Hular ai iska ce ta cire maka."

"Iskar taka ce, Tata."

"Durƙuson kuma tsoro ne. Ina ganin ƙafafunka."

"Tsoro ne," in ji Serapio. "Amma a durƙushe nake."

Tsohon ya juyo wurina, kamar zan taimake shi. "Ke, haka yake a gida?"

"Ya fi haka," na ce, don muryata ta dawo.

Ya yi ta ƙunƙuni, ya ce shi yana da aiki, ya ce ba a taɓa yi masa irin wannan rashin ta-ido ba, gara mai wuyan nan sau dubu. Amma ya zauna a kan dutse ya miƙo hannu, Serapio ya sa masa almakashi. Na kwance Lali na ɗora masa a cinya. Ita kuwa ko a jikinta. Ta cafki gemun ta matse, ruwa ya tsiyaye mata a hannu, ta ƙyalƙyale da dariya. Ya yi askin da ido ɗaya da yatsu masu sanyi, gefe guda ƙwal, gefe guda tukku. Da ya gama na ga yana shafa mata kai a hankali, ya daɗe bai ɗauke hannun ba.

Ya tashi ya kamo ƙaramin alfadari ya danƙa mini igiya. "Na yarinya ne." Sannan ya dubi Serapio. "To, kompadre." Kalmar ta fito masa da ƙyar. "Nuna mini kunyoyinka. Ba zan taɓa su ba. Sauran zan ɗora in wuce, rana na yi."

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na ce a raina mun tsira, Lali za ta ci ta ƙoshi, Meliton kuma ya je ya ci wuyansa. Har na ɗaga hannu zan nuna.

Serapio ya miƙe. Ya taka ya tsaya tsakiyar hanyar da alfadaran za su bi.

"A'a, kompadre."

Ni da tsohon muka dube shi tare.

"Ba kunyoyina aka ba ni tsaro ba. Gangaren duka aka ba ni."

"Kauce, kompadre."

"Ba zan kauce ba. Ka yi haƙuri."

Babban alfadarin ya matso har numfashinsa na daskarar da gashin girar Serapio. Ƙanƙara ta fara faɗowa kewaye da shi, manya manya, tana fasa duwatsu, amma ko ɗaya ba ta taɓa shi ba, don kompadre ba ya ɗaga wa kompadre hannu. Tsohon ya san haka, shi ya sa ya hau faɗa.

"To in koma gida hannu rabbana? Ka san uwata? Ka taɓa jin bakinta? Wannan matar taka ɗaliba ce a gabanta."

"Ba za ka koma haka ba," in ji Serapio. "Yau ranar aski ce. Mu ne za mu ɗora maka kaya, kuma ka fi ni sani, uban aski ba ya barin gari da komai sai abin da iyayen yarinya suka ɗora masa."

"Me za ku ɗora mini? Almakashi?"

 Serapio ya juyo ya kalle ni. "Uwar Lali, gonar taki ce ke ma. Ba zan bayar ba sai kin ce."

Sai a lokacin na gane. Na hango kunyoyinmu can tsakiyar gangare, waɗanda na yi wa taki da hannuna, na yi musu noma da goyo a baya. Babu wani abinci da muke da shi bayan su. Na ji kamar in shaƙe Serapio. Na dubi sauran gonakin, na Mama Sabasta tsohuwar da ba ta da kowa, na matar Meliton da 'ya'yanta rututu. Sannan na dubi mijina, kai ba hula, hanci na yoyo, yana tsaye gaban abin da ƙattin garinmu ke zagi daga nesa su ruga.

"Ɗauka," na ce wa tsohon. "Allah Ya sa ya..." Na tuna yanzu kompadre ne. "Allah Ya sa ya yi maka daɗi."

"Wannan 'yar gonar ko alfadari ɗaya ba za ta cika ba."

"Ita ce da mu," in ji Serapio. "In ka raina, ka raina kyautar kompadre."

Tsohon ya daɗe yana tauna kokarsa. Daga baya ya tofar gefe, ya ce bai taɓa shiga gari ya fita da asara irin ta yau ba. Ya kaɗa alfadaran suka bi ta gefen Serapio a layi ɗaya, suka gangara. Muna tsaye muka ga ƙanƙara ta sauka a kan kunyoyinmu, su kaɗai, ta daka su har sai da ƙasa ta koma fara. Furen maƙwabta na dama da na hagu ko girgiza bai yi ba. Sannan hadarin ya naɗe ya koma dutse, rana ta fito.

Alfadarin Lali kuwa, kafin mu kai gida ya narke. Igiya kawai na shiga da ita, jiƙe sharkaf.

Da 'yan kasuwa suka dawo gari ya ɗauka. Aka yi ta hawa kallo ana riƙe ciki: ƙanƙara ta zo ta tsallake kowa ta faɗa gonar mai tsaro. Meliton ya ce tsohon ya ji tsoron gonarsa ne, shi Meliton, don ya san mai ita. Ya ce wa Serapio, "Kai ko naka ba ka iya karewa ba. Me ka ce masa, bai kyauta ba?"

Serapio ya yi murmushi ya ce ai an gode Allah da abin ya tsaya nan. Ni kuwa maganar na cina kamar barkono. Amma ba a tallar abin da aka ɗora wa uban aski, kuma ba a faɗin laifin kompadre a dandali. Na cije leɓe har ya fashe.

Washegari muna tsintar abin da ya saura a gonar, ba kuwa abin da ya saura, sai ga Mama Sabasta ta hawo da sandarta. Ta tsaya tana kallon iyakar ɓarnar, yadda ta miƙe sak kamar an ja igiya. Sannan idonta ya sauka kan Lali da ke wasa da laka.

"Serapio, ɗana, wa ya yi wa yarinyar nan aski?"

"Wani baƙo ne, Mama. Ya wuce."

"Baƙo." Ta shafa kan Lali, gefen ƙwal da gefen tukku. "Da alama ba ya gani sosai."

"Yana ƙoƙari, Mama."

Ta sake duban gonar, ta dubi dutse, ta dube shi. Sannan ta juya ta gangara. Ban san abin da ta faɗa a gari ba, ban ma san ko ta faɗa ba. Na dai lura dariyar ta mutu. Meliton ya daina ba da labarin kakar Mai Ƙanƙara, in ya gamu da Serapio a hanya kuma shi ke fara gaisuwa, yana kallon ƙasa. Ba wanda ya zo ya ce an gode, mutanenmu sun gwammace su ɗauki dutse da su faɗi wannan.

Watannin nan mun ji jiki. Na iya ƙirga haƙarƙarin mijina ta cikin riga, don rabonsa yake turawa gaban Lali ya ce ya ƙoshi. Da lokacin tono ya yi, gangaren ya cika da mutane, dankali ya yi albarkar da aka daɗe ba a gani ba. Mu da ba mu da abin tonowa muka taya wannan, muka taya wancan. Ranar ƙarshe da aka kwashe buhuna aka watse, na tsaya ɗaure goyo, sai na ga wani abu. A kowace gona an bar kunya ɗaya ba a tona ba. Ta Mama Sabasta, ta masu bakin coci, ta masu bakin tafki. A ta Meliton har biyu, kuma ya zaɓi masu kauri.

Na kira Serapio na nuna masa. Ya bi gangaren da kallo daga sama har ƙasa, fuskarsa ta cika da damuwa.

"Kai, mutanen nan," ya ce. "Gajiya ta sa sun manta. Bari in je in gaya musu kada ya ruɓe."

Ya kuwa tafi. Ina hango shi yana bi gida gida yana ƙwanƙwasa ƙofa, ana leƙowa ana ce masa su ba su manta komai ba, ana rufewa. A gidan Meliton har na jiyo ƙaton yana ce masa ya bar masa ƙofa kafin ransa ya ɓaci.

Na bar shi ya gama zagayensa. Ni dai na ɗauki fartanya da buhu na fara daga ta Mama Sabasta, ina tono ina kuka, Lali na bina tana tsince ƙananan.